Ganawa da mai raino kafin a kai mata yaro: yaya taku ta kasance?

Sabuwar Uwa: Assalamu alaikum iyaye. Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, ɗana yana wata huɗu. An haɗa ni da wata mata da ke rainon yara a gidanta, mun sa ranar da zan je mu gana. Ta haife ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake jin nauyin in zauna gabanta ina jero tambayoyi kamar ina tuhumarta. Don Allah waɗanda suka taɓa yi, iyaye da masu rainon, ku ba ni labarin yadda taku ta kasance.

Uwar Tagwaye: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki nemi ki je da hantsi, lokacin da yaran suke nan, ba da yamma ba bayan an kwashe su an share gida. Gidan farko da na je tsaf-tsaf yake, matar kuma ba tambayar da ba ta amsa da kyau ba. Amma yaran suna jere gaban talabijin shiru, kuma har na tashi ba ta ko tambayi sunan nawa ba. A gidan da na kai su daga baya, muna tsakiyar magana wata yarinya mai koyon tafiya ta faɗi ta bugi leɓe. Matar ta katse zancen a bakinta, ta durƙusa ta ɗauke ta, ta buɗe bakin ta duba, ta rarrashe ta, sannan ta ɗauki waya ta sanar da uwar a gabana. Sai da ta gama ta waiwayo ta ce, "Ina muka tsaya?" A nan zuciyata ta kwanta.

Ma'aikaciyar Jinya: Tunda naki wata huɗu ne, maganar barci ce kan gaba. Ni ban tambayi tamu ko ta san ƙa'ida ba, cewa na yi, "Anti, nuna min inda zai kwanta, kuma yaya kike kwantar da su?" Abin da ake so shi ne rigingine, a kan shimfiɗa mai ƙarfi, shi kaɗai, ba filo ba lallausan bargo ba 'yar tsana. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a daina kwantar da jarirai rub da ciki, kuma bayan gangamin da aka fara a 1994 mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a can. Haɗarin ya fi yawa a watannin farko, ya kuma ƙaru ga jaririn da ya saba da rigingine a gida aka je aka kifa shi a wani wuri. Tamu ta ce min ita a kife ta reni nata duka, sun fi daɗewa suna barci. Na yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe, ta ce to haka za a yi. Da musu ta yi min da ban bar mata shi ba.

Idan tatsar nono za ki yi, ki ga firij ɗin da idonki. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a zafin ɗaki matsakaici, a firij kuma kwana 4. Ki tambaye ta ko tana da ma'aunin zafin jiki, da abin da za ta yi idan yaro ya shaƙe.

Mai Raino: 'Yata, cire nauyin nan daga ranki. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma uwar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda za ta zo ta ce "na yarda da ke kawai" ta miƙo yaro ta tafi. Ita ce za ta fara zargina ran da wani abu ya faru, don ba mu taɓa daddale komai ba.

Kuma ki sani, yadda kike duba ta haka ita ma take duba ki. Ni ina tambayar ƙarfe nawa za a zo ɗauka, wa da wa aka yarda su ɗauka, wa zan kira idan wayarki ba ta shiga ba, katin rigakafi, abin da jikinsa ba ya so, da yadda ake sa shi barci a gida. Ranar biya, ranakun hutuna, da abin da za a yi idan yaro ya kwana da zazzaɓi ko gudawa, duk sai mun rubuta mun sa hannu. Ba rashin yarda ba ne, mantuwa ce ke raba mutane.

Abu ɗaya nake roƙon iyaye: kada ku ɓoye ciwo. An taɓa kawo min yaro mai asma ba a faɗa min ba, wai kar in ƙi karɓarsa. Ranar da ta tashi masa, haƙarƙarinsa na lotsawa yana fito, ba maganin shaƙa a jakarsa, ga sauran yara a hannuna. Allah ya tsare, amma har yau in na tuna jikina rawa yake. Da an faɗa min zan karɓe shi, in koyi yadda ake ba shi maganin.

Baban Yara: Ni tare muka je da maman yaran, kuma ina ba maza shawara su riƙa zuwa. Tana magana, ni ina kallon ƙasa: soket, wayoyin wuta, matakala, inda ake ajiye magani da kalanzir. Na ga bokiti cike da ruwa a bayan ƙofa na yi magana, don yaro mai rarrafe kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ba a jin motsinsa. Nan take ta juye shi, ba ta ɓata rai ba.

Tambayoyina biyu ne. Su wa ke zama ko shige da fice a gidan, kuma wa ke riƙe yaran idan ta shiga wanka ko aka kira ta da gaggawa? Sai ta biyun: ba ni labarin ranar da jariri ya ƙi yin shiru. Wata ta ce mana a hannunta yaro ba ya kuka. Wannan kuwa ta ce yana faruwa, in ta duba yunwa da kunzugu da zafin jiki ba ta ga komai ba kuma ta ji ranta ya fara ɓaci, sai ta kwantar da shi a gadonsa ta ɗan ja gefe ta huce, sannan ta kira uwar. Ita muka ɗauka. Jijjiga jariri cikin fushi na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, don haka na fi natsuwa da wadda ta san tana gajiya.

Yaya Babba: Duk na yarda da ku, amma kar a ɗora komai a kan zama ɗaya. Tawa ganawar ba abin da ya rage, na dawo ina murna. Wata rana na tashi aiki da wuri na biya ba sanarwa, na tarar ta fita unguwa ta bar yaran da wata yarinya da ita kanta rainon take buƙata, adadinsu kuma ya haura wanda ta faɗa min. A ranar na ɗauke 'yata. Ki tambaye ta tun farko ko za ki iya zuwa kowane lokaci, ki lura da fuskarta in tana amsawa. Ki karɓi lambar iyayen da suka riga suka cire yaransu, ba na yanzu kaɗai ba. Ku kuma yi sati biyu na gwaji wanda kowa zai iya janyewa ba tare da an ɓata ba.

Mai Raino: Gaskiya ce Yaya, ƙofata a buɗe take ga uwa ko da yaushe. Sai dai in an zo lokacin barci a ƙwanƙwasa a hankali, kuma a tuna gidana ne, ɗakin da yara ba sa shiga ba sai an buɗe shi ba.

Uwar Tagwaye: Na manta ban faɗa ba: kukan rabuwa da safe ba shi ke nuna wurin bai da kyau ba. Ƙiwa kan fara wajen wata 8 ko 9, ko wa ke riƙon yaron. Abin dubawa shi ne yadda kike tarar da shi in kin zo ɗauka, da ko yana miƙa mata hannu bayan sun saba.

Ma'aikaciyar Jinya: Sabuwar Uwa, in bai taɓa shan nono a fida ko kofi ba, ki fara saba masa tun yanzu, kuma wani ya riƙa ba shi ba ke ba, don in yana jin ƙanshinki zai ƙi. Ki tafi da shi ranar ganawar, ki miƙa mata shi ta riƙe kina zaune.