Jirgin da aka ƙera a gida: wace takarda ke ba shi damar tashi?

Mai walda, Zango:
Assalamu alaikum manya. Yaran garejinmu sun ƙwallafa rai a kan kit na ƙaramin jirgi mai kujera biyu, wato sassan jirgi da ake saya a haɗa da kai. Wane tsari ake bi har ya samu izinin tashi, kuma a ina aka fi tuntuɓe?

Tsohon makanikin jirgi, Birni:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara raba ƙofofi biyu da ake yawan cakuɗawa. A dokar Amurka, wadda yawancin masu sayar da kit ke bi, akwai jirgin da mutum ya ƙera don koyo da nishaɗi. Sharaɗinsa shi ne fiye da rabin aikin ya fito daga hannunka, abin da ake kira dokar kashi 51. A nan kana da ikon canza inji ko tankin mai. Ƙofa ta biyu ita ce kit na ƙaramin jirgin wasanni, irin RV-12: babu maganar kashi 51, amma dole ka haɗa shi daidai da na kamfani, ƙusa bisa ƙusa, har ranar da aka ba ka takarda. Wanda ya sauya farfela kafin a duba shi ya fita daga wannan ƙofa.

Dokar 2004 ta ƙaramin jirgin wasanni ta tsayar da nauyi a kilo 600, kujera biyu, kuma gudun da fiffike ke daina ɗaukar jirgi kada ya wuce kilomita 83 a awa. A Yulin 2025 hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta fitar da sabon tsari, MOSAIC, wanda ya cire iyakar nauyin. Saboda haka dubi shekarar duk littafin da kake karantawa.

Malamin fasaha, Sabon Gari:
Gaskiyar Baba ce, sai dai mu ba a Amurka muke ba. Jirgin da zai zauna Damagaram rajistarsa na hannun ANAC, hukumar jiragen saman Nijar, a Yamai, lambarsa kuma ta fara da 5U. Ku rubuta musu da sunan kit, injin da nauyinsa kafin ku tura ko dala. Wanda ya gama jirgi sannan ya nemi takarda ya yi ɗinki kafin awo.

Ga masu karanta takardun Faransa: ULM, wato ƙaramin jirgi marar nauyi, mai kujera biyu iyakarsa kilo 500 tun 2019, ko 525 in yana da laimar ceto. Abin da ya wuce haka sai takardar izinin tashi ta CNRA, ko ta CNSK in kit ne, tare da masu duba da ke zuwa tun ana cikin aiki.

Tsohon makanikin jirgi, Birni:
Inda aka fi faɗuwa shi ne kayen aiki, wato littafin da ake rubuta aikin a ciki. Kowace rana a rubuta kwanan wata, abin da aka yi da awa nawa, a ɗauki hoto da maƙerin a ciki yana aikin. Kada a rufe fiffike ko wutsiya sai an ɗauki hoton cikinsu, don mai duba ba ya gani ta bayan ribit. Rasit na kowane ƙarfe a ajiye. Zane ya ce alminiyon 6061-T6, to ba na tagar shago ba ne. Notin kasuwa kuma ba ya maye gurbin na AN, wato notin jirgin sama, ko da girmansu ɗaya: ƙarfinsa ba a san shi ba, girgizar inji kuma ba ta da tausayi.

Sai awon nauyi. Sikeli uku, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, jirgi a daidaice, cikin rumfa inda iska ba ta kaɗawa. Fenti mai kauri a wutsiya kaɗai yana iya ja da cibiyar nauyi baya, kuma jirgi mai nauyin baya in ya ɗaga hanci da wuya ya sauke.

Matuƙi, Karkada:
Ku yi lissafin tun yanzu. Jirgi wofi kilo 310, maza biyu 160, iyaka 500: saura kilo 30, wato wajen lita 41 na fetur, ba ko jaka.

Gwajin kwararar mai kada a tsallake shi. A ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, mai kaɗan a tanki, a cire tiyo daga kafireta a auna. Injin Rotax 912 ULS na shan kusan lita 27 a awa wajen tashi. In mai na gangarowa da kansa ana son ninki ɗaya da rabi, wajen lita 40. In da famfo ne, lita 34. Abin da ke rage shi yawanci tiyo ne da ya lanƙwashe ko ramin numfashin tanki da zanzaro ya toshe da laka. Injin nan yana son oktan 95, kuma man kwalba na ƴan ruwa-ruwa ba ya kusantar tankin jirgi.

Mai walda, Zango:
Yaya, bayan an duba sai a ɗauki fasinja?

Matuƙi, Karkada:
A'a. A tsarin Amurka akwai awannin gwaji a yankin da aka shata maka: 40 in inji da farfela ba masu takardar shaida ba ne, 25 in suna da ita, 5 ga kit na wasanni. Kalmar EXPERIMENTAL, wato na gwaji, mai tsayin santimita 5 tana bakin ƙofa, da farantin da wuta ba ta ci mai ɗauke da sunan maƙeri da lambar jirgi.

Alƙaluman littafin kit na bakin teku ne a digiri 15. Filin jirginmu na Damagaram yana wajen mita 460 sama da teku, amma da rana a Afirilu, digiri 42, jirgi ji yake kamar yana mita 1,500 da ɗoriya: gudu a ƙasa ya ƙaru, hawa ya ragu. A yi tashin farko da asuba, kuma ba ranar da hazon hunturu ya rufe gari ba.

Malamin fasaha, Sabon Gari:
Ƙari ɗaya, don na san wani zai ce Kano kusa ce. Irin wannan takarda ba ta cika ma'aunin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ba, aikinta ya tsaya a iyakar ƙasar da ta bayar. Kafin ka ƙetare Magarya zuwa sararin Najeriya sai da rubutaccen izinin NCAA, hukumar jiragen saman Najeriya, a hannu.