Tsohon Xeon mai ƙwaya 14 ko sabon i5 mai 6: wanne ke iya aikin bidiyon biki a Sakkwato?

Mai studiyo a Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nike nema kafin in saki kuɗin da na daɗe ina tarawa. Ina da ɗan shagon ɗaukar hoto da haɗa bidiyon biki da walimar sauka. Kwamfutar da nike aiki da ita ta gaji. Satin da ya wuce bidiyon kamu na minti arba'in na sa ta fitar bayan Isha'i, na dawo daga sallar Asuba na iske ba ta gama ba, ga ƙanen ango zaune bakin shago da filashi a hannu yana jira. Kunyar ranar nan har yanzu ba ta sake ni ba.

Wani mai kawo kwamfutoci na hannu ya nuna mini HP Z440, da furosesa Xeon E5-2680 v4 a ciki da RAM 64GB. Ya ce irin wadda aka yi wa manyan sabar ce, ƙwayoyin aikinta 14, wato sassan furosesa da kowanne ke iya ɗaukar aiki nasa daban. Ya buɗe mini ma'aunin aiki na Windows, na ga akwatuna 28 jere, biyu ga kowace ƙwaya, wallahi sai da raina ya biya. Ɗaya zaɓin kuma in haɗa sabuwa da Core i5-12400 mai ƙwaya 6 kacal da RAM 16GB, kuma ta fi tsada. Hankalina ya kasa ɗaukar yadda shida za ta kada sha huɗu. Premiere Pro da Photoshop da CorelDRAW nike amfani da su. Wuta kuwa sola ce, inbata da batir biyu, sai janareta in ta ƙure.

Mai gyaran kwamfuta, Emir Yahya:

Wa alaikumus salam. Malam, kada akwatunan nan su ruɗe ka. Wannan Xeon ta 2016 ce, i5 ɗin kuma ta farkon 2022. Ita Xeon gudunta 2.4GHz ne, iyakar tashinta 3.3, in kuma duka ƙwayoyin suna aiki tare ko nan ba ta kaiwa. Ita i5 tana kai 4.4, sannan a kowane bugu tana yin aikin da ya fi na tsohuwar yawa don ƙirarta sabuwa ce. Ƙwaya da ƙwaya, i5 ta kusa ninka ta.

Ka ɗauka leburori sha huɗu ne dattawa da samari shida majiya ƙarfi. In sauke motar albasa ce, kowa ya ɗau buhunsa, za su tashi kusan kunnen doki. To amma yawancin abin da kake yi da hannunka, jan bidiyo gaba da baya, yanka, gyara fuskar amarya a Photoshop, aiki ne mai ƙofa ɗaya, mutum ɗaya ko biyu ke shiga, sauran su tsaya suna kallo. Nan saurin ƙwaya guda shi ne komi.

Ga abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba: Xeon ɗin ba ta da sashen hoto a jikinta, dole sai da katin hoto daban. Ita 12400 tana da shi, da abin da Intel ke kira Quick Sync, wanda ke warware bidiyon H.264 da HEVC, wato hanyoyin da ake matse bidiyo da su, ba tare da ya wahalar da furosesa ba. Bidiyon da dangin amarya ke turo maka daga iPhone yawanci HEVC ne. Ka lura dai kada a ba ka 12400F, ita an kashe mata wannan sashen.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Jami'ar Danfodiyo:

Gaskiyar Malam mai gyara ce, amma a yi wa tsohuwa adalci. Ni irin wannan Xeon nike da ita a ɗaki, kuma ban yi nadama ba. Kwamfutocin gwaji huɗu nike kunnawa a cikinta lokaci guda don koyon harkar sadarwa, ba ta ko tari. RAM ɗinta na sabar mai ECC, wato mai gyara kuskuren bayanai da kansa, yana da araha a kasuwar na hannu, hanyoyinsa huɗu ne, na i5 biyu. Ga layukan PCIe, hanyoyin da katuna ke haɗuwa da furosesa, har 40 in kana son ƙara katuna. RAM 16GB kuwa zai matse ka in ka fara bidiyon 4K, wannan ka sa a lissafi.

Mai sola, Runjin Sambo:

Ni ta wajen wuta zan yi magana, don nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. An rubuta wa Xeon ɗin wat 120, i5 kuma 65. Ita ma i5 tana iya kaiwa 117 in aiki ya yi nauyi, amma tana gamawa ta sauko. Tsohuwar ko zaune take ba ta komi tana ci fiye da sabuwa, ga katin hoto shi ma da cikinsa. Batir biyu da fanka da fitilun shago, ƙanena, kafin tsakar dare inbata za ta fara kuka.

Sannan zafi. Duk wat da na'ura ta ci, zafi take mayar da shi cikin ɗakin. A watan Afrilu da ake wuce digiri 40 a garin nan, shagon kwano ba iyakwandishan, ka san abin da ke nan. Bara anka kira ni wani shago wai inbata ce ke kashe musu kwamfuta. Da munka buɗe, ƙurar hunturu ce ta daskare kan ƙarfen sanyaya furosesa kamar bargo, da yatsa na ɓamɓaro ta. Ko wacce ka saya, ka riƙa busa ta da bulowa, musamman bayan hunturu.

Mai gyaran kwamfuta, Emir Yahya:

Na manta abu guda. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan Xeon ba ta cikin jerin furosesan da Windows 11 ta amince da su. Ana iya tura ta da dabara, amma ni ba na so a na'urar da mutum ke cin abinci da ita. Kuma bod ɗin Z440, wato babban allon da ake ɗora furosesa a kai, da akwatin wutarta ƙirar kamfanin ce ta musamman, in sun lalace ba kowane shago za ka shiga ka samu ba. Bod ɗin i5 kuwa, mai mazaunin furosesa LGA1700, yana ɗaukar furosesan Intel na ƙarni na 13 da 14 ma in an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin.

Mai studiyo a Mabera:

Allah ya saka muku da alheri. Maganar batir ce ta fi taɓa ni, don da dare nike yawan aikina, kuma kuɗin man janareta ya riga ya cinye ribar biki biyu a watan jiya. Na tsaya kan i5 ɗin. Shawarar ɗalibinmu ma na ɗauka, zan jinkirta sayen sabuwar fitilar studiyo in kai RAM 32GB tun yanzu. Mai Z440 na kira shi na ba shi haƙuri, ya ce ba komi, akwai mai so.

Malam na titin Emir Yahya, in Allah ya kai mu Asabar bayan La'asar zan shigo da bidiyon kamun nan a filashi, mu gwada a gabana in kana da wadda ka riga ka haɗa. Bod mai ɗaukar RAM irin DDR4 za ka sa mini ko mai DDR5?