Neman shawara: hanya ta cinye min yini, ni kuma ina cinye barcin yarana

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ban taɓa kawo tawa ba, yau dai tura ta kai bango.

Ina aikin ofis. Gidanmu yana wannan bakin gari, ofis yana wancan bakin. Ƙarfe 4:30 nake tashi, in tashi yara 5:30, in fita 6:15 don in isa kafin 8. Awa ɗaya da minti 40 ke nan a cikin cunkoso. A takarda ƙarfe 5 ake tashi, amma ba na barin tebur sai 6, in shigo gida 8 saura. Yarana biyu, mace 'yar shekara 7 da namiji ɗan shekara 3. Babansu ke sauke su a makaranta, mai raino ta ɗauko su.

Tun bara muke sa-in-sa da shi a kan abu ɗaya. Shi yana so su kwanta 8:30. Ni na ce idan suka kwanta 8:30, yaushe zan gan su? Saboda haka nake riƙe su har 10:30, mu yi aikin gida, mu yi hira, wani lokacin dai talabijin kawai muke kallo ina gyangyaɗi.

Abu uku suka faru cikin wata guda. Malamar babbar ta ce tana barci a aji. Ƙaramin ya faɗi a gabana ya fasa gwiwa, ya wuce ni da gudu ya faɗa jikin mai raino, na shiga ɗaki na yi kuka. Shekaranjiya kuma barci ya sace ni a bakin danja, hon ɗin na baya ne ya farkar da ni. Wannan ban gaya wa babansu ba.

In ajiye aikin ne? Mu koma kusa da ofis, alhali haya can ta fi tsada kuma gidan zai fi ƙanƙanta? Ko in daure? Don Allah a ba ni shawara, ban da zagi.

Anti Nas:
Wa alaikis salam 'yar'uwa. Zan fara da na ukun, don shi ne ba ya jira. Kina kwanciya wajen 11:30 ki tashi 4:30, awa 5 ke nan, babba kuma yana bukatar 7 ko fiye. Lokacin da kike tuƙin dawowa kin yi awa 15 idonki biyu. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da hankalinsa suna yin nauyi kamar na mai kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jini, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direba. Ke kuma ba daren jiya kaɗai kike bin bashin barci ba, watanni ne. Wancan karon motar tana tsaye. Ki gaya wa mijinki yau ɗin nan.

Yaran kuma: ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2016, ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, ɗan 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13 har da na rana. 'Yarki 7 take samu. Malamar ba sharri take mata ba. Ki yi haƙuri da zancena, babansu ya fi ki gaskiya a nan.

Abu Safiyya:
Hajiya ki ajiye aikin kawai ki rungumi 'ya'yanki. Aiki ba ya ƙarewa, yarinta kuwa sau ɗaya take.

Ƙanwar Kowa:
Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka san ko albashinta ne ke biyan kuɗin makarantar? Kuma a duk abin da ta rubuta ban ga inda ta ce aikin ya dame ta ba. Hanya ta ambata, sau nawa. Me ya sa kullum idan lissafin gida ya ƙi fita, aikin mace ake fara gogewa?

Abu Safiyya:
Ban ce dole ba. Ita ce ta sa shi cikin tambayarta.

Baban Uku:
'Yar'uwa, ni ma'aikacin lissafi ne, bari in yi miki abin da na iya. Awa 3 da minti 20 kullum, sau 5, awa 16 da minti 40 a mako. A mako 48 na aiki, awa 800 cif. Kwana 33 ke nan dare da rana kina zaune a bayan sitiyari kowace shekara. Wannan aiki ne na biyu da ba a biyanki, ke ce ma kike sayen mansa.

Wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya rubuta a 1994 cewa tun zamanin tafiyar ƙasa har zuwa na mota, ɗan Adam kusan awa ɗaya yake kashewa a zirga-zirgarsa ta yini, zuwa da dawowa, kuma girman birane ma a kan wannan awar yake tafiya. Ke kin ninka ta fiye da uku. Wasu masanan tattalin arziki biyu a Suwizalan, Stutzer da Frey, sun duba bayanan mutanen Jamus suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar hanya sun fi ƙarancin jin daɗin rayuwa, wato babban gida ko albashin da suka yi tunanin zai rufe musu asarar bai rufe ba. Dalilin a ganina mai sauƙi ne: faɗin falo mutum yana sabawa da shi cikin wata biyu ya daina gani, cunkoso kuwa kullum sabo yake.

Ni na yi ƙaura shekara huɗu da suka wuce. Daga ɗaki uku da tsakar gida muka koma ɗaki biyu a bene. Ba zan yi miki ƙarya ba, maza biyun suna ɗaki ɗaya suna faɗa kamar zakaru, kuma har yau uwarsu tana kewar tsakar gidanta. Amma minti 20 ke kai ni aiki, kuma ni ke yi wa autar wanka. Kafin ki ce hayar ta yi tsada, ki haɗa kuɗin mai, da gyaran mota, da ƙarin da kike ba mai raino na zaman dare, ki cire daga bambancin hayar. Sannan ki auna hanyar maigidanki da makarantar yara, kada ki sauke kayan daga kanki ki ɗora masa.

Tsohon Direba:
Hajiya, shekara 26 na yi ina jan bas a cikin gari. Hanyar taki ba awa ɗaya da minti 40 ba ce. Ki gwada ta ranar hutu da sassafe, na yi imani ba za ta wuce minti 40 ba. Sauran duk layi ne. Gosulo kamar cika bokiti yake da famfo biyu alhali rami ɗaya ke zubarwa: muddin motocin da ke shiga mahaɗa sun fi waɗanda danja ke saki, layi tsawo yake ƙarawa kowane minti, kuma ba ya raguwa sai shigowa ta ja baya. Shi ya sa wanda ya riga ki fita da rabin awa yake riga ki isa da awa guda. Ke kina fita daidai lokacin da kowa ke fita, kina tashi daidai lokacin da kowa ke tashi.

Idan za su bar ki ki shiga 7 ki tashi 4, ki karɓa hannu biyu. Idan ba su bari ba, ki nemi abokiyar aiki da kuke hanya ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa. Kuma duk ranar da kika ji ido yana nauyi, buɗe gilashi da ƙara rediyo ba sa magani, mun gwada. Ki faka wuri mai mutane, ki kulle, ki runtsa minti 15 zuwa 20.

Mai Kula da Ma'aikata:
In ƙara a kan na Baba Direba. Irin wannan roƙon yana zuwa teburina, kuma yawanci yadda aka kawo shi ke kashe shi. Kada ki shiga da labarin gwiwar yaro. Ki rubuta: awanni nawa za ki yi, su ne dai ba ragi, wa zai amsa abin da ya taso bayan 4, kuma gwaji ne na wata ɗaya, in bai yi ba a koma. Shugaba yana tsoron abin da ba zai iya janyewa ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 156 tun 1981 a kan ma'aikata masu nauyin iyali, sai dai ba kowace ƙasa ta sa hannu ba, don haka takardar ɗaukarki aiki da littafin dokokin ofis za ki fara dubawa. Sannan wannan awar ta 5 zuwa 6, wa ya ce ki zauna? Sau da yawa ba kowa, kunyar riga oga fita ce.

Kaka Malama:
'Yata, kowa ya yi miki maganar hanya, ni ta gwiwar zan yi, don na san ita ce ta sa ki rubutu.

Shekara 30 na koyar a firamare, na raini biyar ina aiki. Yaro ɗan shekara 3 idan ya ji ciwo, wurin hannun da ya saba goge masa ciwo da rana yake gudu. Wannan alama ce kin samu mai raino ta gari. Da ya faɗi ya rasa inda zai nufa, a nan ne za ki yi kuka. Yaro yana iya shaƙuwa da mutum biyu, uku, ba ya rage wa uwa komai.

Awa biyu da rabi da kike riƙe su, ke kina gyangyaɗi, su suna gyangyaɗi, wa yake ganin wa? Ki gwada wannan. Idan kin shigo, kada ki wuce kicin, kada ki duba waya. Ki aje jaka a bakin ƙofa ki zauna a ƙasa, a ƙasa fa, ba kujera ba, minti 10. Za su hau ki da kansu. Aikin gida babansu ya yi da babbar kafin ki dawo. Kwanciya kuma ki ce taki ce, kada kowa ya taɓa miki: ke za ki ja bargo, ke za ki ba da labari, ke za ki kashe fitila. Autana yanzu magidanci ne, ba ya tuna ƙarfe nawa nake dawowa, amma yana tuna waƙar banza da nake yi masa ina cire takalmi.

Kuma ki ba mijinki haƙuri. Shekara guda yana faɗin gaskiya kina masa kallon mai raba ki da 'ya'yanki.

Maman Biyu:
Na dawo bayan mako biyu, na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Mama, na ba shi haƙurin. Labarin danja ne ya tayar masa da hankali, ya yi shiru ya fi minti biyar, sannan ya karɓe safiya gaba ɗaya, yanzu shi ke tashinsu 6. Suna kwanciya 8:30, ni 9:30.

Oga bai ba ni duka ba, Talata da Alhamis kawai ya yarda in shiga 7 in tashi 4, gwajin wata ɗaya. Baba Direba, minti 55 na yi ranar farko, na shigo gida rana ba ta faɗi ba, har babbar ta tambaye ni ko an kore ni ne. Sauran kwana ukun muna karɓa-karɓa da wata a sashenmu, kuma ƙarfe 5 nake miƙewa, ba wanda ya ce uffan. Maganar ƙaura mun yi lissafin Baban Uku, ta fito kusan kunnen doki, amma za ta ƙara wa babansu minti 25, don haka mun ajiye ta zuwa ƙarshen zangon karatu.

Sabuwar matsala ɗaya: ƙaramin ya gane ranakun da nake fita da duhu, yana jin ƙarar makulli sai ya taso ya riƙe min zani yana kuka. In sulale ne kafin ya farka, ko in tsaya in yi masa sallama?

Kaka Malama:
Kada ki sulale, zai daina yarda da barcinsa. Ki gaya masa tun dare cewa gobe ranar fita da wuri ce kuma ranar dawowa da wuri. In ya taso, ki rungume shi, ki miƙa shi ga babansa, ki fita, kada ki waiwayo sau biyu. Makullin kuma ki sa shi a jaka tun dare.