Littattafan matan tatsuniyar Girka: gyara ne ko kasuwa?

Ɗan Birni: Jama'a zan faɗi ra'ayina ko da za a yi min ca. Littattafan nan da ake yayi, a ɗauko tatsuniyar Girkawa a ce mace ce za ta ba da labarin, wallahi kasuwa ce kawai. Tunda Circe na Madeline Miller ya fito a 2018 ya samu karɓuwa kowa ya ɗauki biro, yau Ariadne gobe Medusa, kuma duk kanwar ja ce, jarumin da aka sani ya koma azzalumi ita kuma macen ta zama waliyyiya.

Uwar Biyu: Haba yallaɓai. Ka karanta Iliad ɗin kuwa, waƙar Homer ta yaƙin Girkawa da birnin Troy? Rigimar gaba ɗaya a kan Briseis ta tashi, matar da aka kamo a yaƙi, Agamemnon shugaban rundunar Girkawa ya ƙwace ta daga hannun jaruminsu Achilles shi kuma ya yi zuciya ya ƙi fita yaƙi ana ta karkashe Girkawa, amma a littafi mai kashi 24 sau ɗaya tak ta buɗe baki, a kashi na 19 tana kuka kan gawar Patroclus aminin Achilles, a nan ne ma muke ji daga bakinta cewa Achilles ɗin ne ya kashe mijinta kuma 'yan uwanta maza uku sun mutu. Matar da aka kai shimfiɗar wanda ya kashe mata miji, kana ganin ba ta da labari? Abin da marubuciya Pat Barker ta ɗauko kenan a littafinta na 2018.

Malamin Adabi: Ku duka kun manta abu ɗaya. Wannan aikin ba yau aka fara ba. Euripides na Girka ya yi wasan kwaikwayon matan Troy a shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa, Hecuba da Andromache da Cassandra suna jiran a raba su kamar ganima. Ovid na Rum kuma ya rubuta wasiƙu da bakin matan, har da ta Briseis zuwa ga Achilles.

Ɗan Birni: Yauwa malam, Allah ya ƙara ilimi. Kin ji ko? Ba su kawo sabon abu ba.

Uwar Biyu: Malam gafarta, me Briseis ta ce a wasiƙar? Ba roƙonsa take ya dawo da ita ba? To ai ka ji namiji ne ya rubuta. Wasan Euripides ɗin ma maza ne suka fito a matsayin matan.

Malamin Adabi: Wannan kam gaskiyarki Hajiya.

Auta: Ni yaya ba Briseis ce ta tsaya min a rai ba, kuyangin gidan Odysseus ne su 12, na cikin Odyssey, ɗaya waƙar ta Homer. Bayan ya gama kashe masu neman auren matarsa Penelope sai aka sa su kwashe gawarwakin su wanke tebura da kujeru, suna gamawa ɗansa Telemachus ya rataye su a igiyar jirgin ruwa a jere, alhali ubansa da takobi ya ce a kashe su, shi ya ga mutuwar takobi ta fi ƙarfinsu. Homer ya ce ƙafafunsu sun ɗan yi motsi kaɗan, shikenan labari ya ci gaba. Na karanta wurin ban ma lura ba sai da na ga Margaret Atwood ta dawo da su a littafinta na 2005 suna ta waƙa suna bin Odysseus da alhakinsu.

Ɗan Birni: Na yarda da na Atwood, wannan ta san me take yi. Matsalata da na baya-bayan nan ne, sai ka ji 'yar sarkin zamanin da tana magana kamar ta fito daga taron ƙara wa juna sani. Su bar asalin labarin yadda yake mana.

Malamin Adabi: Wane asali? A wurin Hesiod, tsohon mawaƙin Girka, Medusa ɗaya ce cikin dodanni uku 'yan uwan juna, Ovid ne ya kawo cewa kyakkyawa ce aka yi mata fyaɗe a ɗakin bautar allahiya Minerva sannan aka maida gashinta macizai. Ɗaruruwan shekaru ne tsakaninsu. Wanne za ka riƙe?

Uwar Biyu: Mu ma fa muna da tamu. Kowa ya haddace Bayajida da Daurama, wa ya taɓa tambayar me Bagwariya uwar Karɓagari ta ji ranar da aka miƙa ta?

Ɗan Birni: Kai Hajiya kar ki ja mana faɗa da mutanen Daura. Auta, na Atwood ɗin yana hannunki? Ara min zuwa Juma'a.

Auta: Sai ka dawo min da wancan tukuna yaya.