Neman ƙarin haske kan yadda HemAT yake gane oksijin

Assalamu alaikum, malamai. Ina karatu kan bakteriyar Bacillus subtilis, kuma na fahimci cewa furotin ɗinta mai suna HemAT yana ɗauke da sinadarin hem, irin wanda ke cikin jininmu, wanda ƙarfen tsakiyarsa ke kama oksijin, sannan saƙon ya bi ta wani furotin mai suna CheA zuwa wani mai suna CheY har ya sauya juyawar jelar da ƙwayar ke iyo da ita.

Inda na maƙale shi ne, hem yana kama iskar CO (carbon monoxide) da ta NO (nitric oxide) su ma. To, ta yaya furotin ɗin yake bambance oksijin da su, alhali duk a ƙarfe ɗaya suke sauka? Kwana uku ke nan wannan ya hana ni ci gaba. Don Allah a taimaka mini.