Tambaya kan furotin ABCB10 da hemogulobin a ƙwayoyin K562

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a Jidda, kuma bincikena ya shafi ABCB10, furotin da ke jikin fatar ciki ta mitokondiriya, wato sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari. An san cewa ɗan tayin ɓeran da aka cire wa wannan furotin yakan mutu wajen kwana na 12.5 saboda tsananin ƙarancin jini, sannan furotin ɗin yana riƙe mitoferin-1, furotin mai shigar da sinadarin ƙarfe cikin mitokondiriya inda ake haɗa hem, wato ɓangaren hemogulobin (furotin jini mai ɗaukar iskar oksijin) da ke ɗauke da ƙarfe.

Ina amfani da ƙwayoyin K562 ne, wato ƙwayoyin sankarar jinin ɗan Adam da ake renonsu a ɗakin gwaji, domin suna samar da hemogulobin irin na ɗan tayi. Na rage ABCB10 da siRNA (guntun RNA mai hana ƙwaya yin wani furotin), gwaji ya tabbatar ya ragu, amma da na zuba hemin (wani nau'in hem) domin ƙwayoyin su balaga, launin benzidin, rinin da ke nuna hemogulobin, ya fito iri ɗaya a waɗanda aka rage musu da waɗanda ba a taɓa ba. A ganina hemin ɗin ne ke ba su hem daga waje, sai ya rufe giɓin. Da na koma sodiyam butiret, wani sinadarin da ke sa su balaga, waɗanda aka rage musu suka riƙa mutuwa kafin lokacin awo ya yi, rage yawan maganin kuwa ya sa ba ɗayansu da ya balaga sosai.

Don Allah malamai, da wane sinadari zan sa K562 su balaga ba tare da na ba su hem daga waje ba, kuma su rayu har a auna hemogulobin? Na gode.