Wane magani kuke bari a jijiyar haƙori kafin zama na biyu?

Bazazzagiya: Salamu alaikum manya. Haƙorin turmi ne, jijiyar ta mutu, mugunya na ta tsatsowa, ba halin rufewa a zama ɗaya. Me kuke sawa a ciki? A makaranta kalshiyam haidiroksaid aka koya mana, amma inda nake hidimar ƙasa fomokirisol kaɗai na tarar.

Tsohon Hannu: Wa alaikis salam 'yata. Mu da fomokirisol muka tashi: ɗigo a 'yar auduga, a matse, a rufe. Warinsa har gida yake raka mutum. Na ajiye shi bayan hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa fomaldehaid da ke cikinsa a sahun masu jawo kansa a 2004. Yanzu garin kalshiyam nake saya in kwaɓa da kaina, ya fi na sirinji arha nesa ba kusa ba. Ki tura shi ya cika hanyar, amma kada ya zarce bakin saiwa, musamman a turamen ƙasa, don akwai babbar jijiya a ƙarƙashinsu. In ya taɓa ta, leɓe na iya daina jin taɓi. Mako guda yana isa.

Ɗan Gumel: Baba, mako guda ai a littafi ne. Mu nan in zafi ya tafi, mai haƙori ma ya tafi. Wani manomi na ce masa ya dawo Laraba mai zuwa, sai bayan girbi na gan shi da kunci a kumbure. Cikon wucin gadin ya faɗi tuni, tsakin goro na tono daga ramin. Maganin da miyau ya wanke me zai kashe? Shi ya sa damuwata ta fi karkata ga murfin. Cikon wucin gadi na Cavit mai kauri nake sawa, in ɗora cikon gilas ayonoma mai ƙarfi a kai, kamar ba zai dawo ba. Kuma kalshiyam ɗin kansa in ya yi watanni yana raunana saiwa.

Hajiyar Kantin Kwari: Ni ba likita ba ce, amma ku ji nawa. Wani ɗan shago ya sa min maganin da ya ce na kashe jijiya ne, ya toshe. Bayan kwana kaɗan dasashin wajen ya yi fari fat yana wari. A asibiti suka ce maganin ne ya yoyo ya ci naman. Ƙarshenta cire haƙorin aka yi.

Bakatsine: Allah ya ƙara sauƙi Hajiya, magungunan kashe jijiya masu asanik da farafomaldehaid ke wannan ɓarna. Ni in mutum ya zo da zugi ya kwana bai runtsa ba, Ledermix, haɗin maganin kumburi da na kashe ƙwayoyin cuta, nake sawa, yana kwantar da zafi. Amma ban da haƙoran gaba. An taɓa kawo min wata budurwa ana saura wata guda bikinta, haƙorinta na sama ya yi toka-toka saboda an bar shi ya taɓa kan haƙorin.

Bazazzagiya: Yaya, in aikin da aka taɓa yi ne ya lalace fa?

Bakatsine: Nan kalshiyam kaɗai bai cika iya wa ƙwayar cutar Enterococcus faecalis ba. Ina haɗawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kulohekzidin mai kashi 2 cikin ɗari. Sai dai ki ɗauraye haifo, wato ruwan bilicin da ake wanke hanyar jijiya da shi, tas da ruwan salain, ki busar tukuna. In haifo da kulohekzidin suka haɗu, wani ja-jan tsatsa suke yi ya toshe miki hanya.